Ramin Toivo a Kan Tafki

Toivo Rautio bai taɓa yin abin da za a buga shi a jarida ba. Shekara talatin da huɗu yana jan motar gungume daga daji zuwa injin katako a nan arewacin jihar Michigan ta Amurka, ya ajiye aiki da ciwon baya da taurin kai. Abin tinƙahonsa ɗaya ne. Kowace Asabar zai hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi, ya zauna cikin tururi har ya dahu, ya fito a guje ya faɗa ramin da ya sara a ƙanƙarar tafki. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

Hunturun da ya cika sittin da bakwai, jiki ya ƙi. Ya fita kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, ya dawo wuya da hannuwa sun yi rudu-rudu, yana susa kamar mai ƙwarƙwata. Ya ce sabulu ne, matarsa Irja ta canza sabulu. Ya ce rigar ulu ce. Ranar da ya sha ruwan sanyi leɓensa ya kumbura, Irja ba ta nemi shawararsa ba, makullin mota ta ɗauko.

Likita ta ƙulle ƙanƙara a leda ta ɗora masa a hannu minti biyar. Ta ɗage, fata ta ɗumama, wurin ya taso jawur.

"Borin jini ne, sanyi ke tayar da shi," in ji ta. "Ga ƙwaya, ɗaya kullum. Ga allurar gaggawa, a cinya ake sokawa. Tafki kuwa, kun yi sallama. In jikinka ya nutse gaba ɗaya, jini zai iya faɗuwa, maƙogwaro ya toshe."

Ƙwaya ta yi aiki. Sati biyu ba ƙaiƙayi. Sai gogan ya ɗauko ƙanƙara a firji ya gwada a hannunsa, fata lafiya lau.

"Kin gani? Na warke."

"Hannu ne ya warke, tsohon banza. Sauran jikin fa?"

"Yarinyar da takalmina ya girme ta ce za ta hana ni tafkin ubana?"

Asabar da rana Irja ta jiyo saran gatari daga tafki. Ba ta yi ihu ba. Ta jira har ya shiga tururinsa, ta buga waya, ta sa allura a aljihu, ta je ta tsaya bakin ramin.

Ya fito tsirara, hayaƙi na tashi a jikinsa. Ruwan baƙi ƙirin. Taku uku ya rage.

"Matsa, Irja."

"Na matsa. Shiga." Ta cire murfin allurar. "Na riga na kira motar asibiti, suna hanya. In wannan ta riƙe ka har su iso, to. In ka sume a ƙarƙashin ƙanƙara, ka san ba ni da ƙarfin jawo ka."

Ya ƙara taku ɗaya. Iska ta buso. Ya kai hannu ƙirji yana susa bai sani ba, sai ya duba. Ko ruwan bai taɓa ba, ga ƙuraje nan sun fara tasowa, jajaye, suna hawa wuya.

Ya daɗe a tsaye, ya haɗiyi yawu ya ji ko yana wucewa. Sannan ya juya.

Ma'aikatan asibiti sun tarar da shi a kicin, naɗe cikin bargo. Irja ta zuba musu kofi ta koma gefe, ta bar shi ya yi bayani da bakinsa.