Akwatin Da Ke Saman Motar Gado

Duk wanda ya shiga tashar Jega a shekarun da aka yanke jihar Kebbi, ya san Gado direba. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara, ga wata tsohuwar Fijo da sai an tura take tashi. Amma a bar shi da halinsa guda: in ya ɗaure kayan fasinja a saman mota, ba ya kwancewa sai ya ga mai kayan ya isa inda za shi, an fito an tarbe shi. Ko tsohuwa ya ɗauko zuwa Jandutsi, sai ya tsaya ya ji an ce mata maraba. Abokan aikinsa suna ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

To, ana nan sai ga Ziyadu. Bafalasɗine ne, ya zo da wani kamfani mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Kamfanin ya tattara ya tafi, shi ya tsaya yana gyara wa manoman albasa na Aliero injin ban ruwa. Ɗaki ya kama a Jega Magaji, katanga ɗaya da gidan Gado, har ya zama tuwon Hindu matar Gado yake ci. Hausarsa ta fara nuna, sai dai in ya ce "Baba Gado" kowa sai ya dara.

Wata safiya ya dawo daga ofishin waya a Birnin Kebbi idonsa jawur. Mahaifiyarsa na kwance a Gaza, ta ce tana son ganinsa.

"Mi kake jira?" in ji Gado. "Haɗa kaya, ni ka kai ka Kano ka hau jirgi."

Ziyadu ya cika akwati da tsaraba: atamfa, mayafi, zuma a kwalba, da darduma. Gado ya hau da kansa ya ɗaure, ya ja igiya har sai da ta yi ƙara.

A filin jirgi Gado ya ce ya shiga tukuna, in an karɓe shi ya dawo a sauke kaya. Ziyadu ya daɗe ciki. Da ya fito, ƙafa yake ja. An rufe ƙofar garinsu, kuma ƙasar da zai ratsa ta ce mai irin takardarsa ba zai sauka mata ba. Waɗanda suka riga shi tafiya ma suna can zube a bakin iyaka, gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Gado ya kwashe da dariya. Wallahi dariya ya yi! Shi da ya sha ganin an rufe iyakar Kamba?

"Haba ɗana, wanga shi ne abin kuka? In anka ruhe titi, ai daji bai ruhe ba. Mu bi ta Kamba, mu hau Nijar. Can kusa da garinku ka samu mai jaki, ka ba soja goro, ka ce biki za ka wajen dangi. Haka muke yi."

Ziyadu ya tsuguna a gindin mota, ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Nan teku. Nan waya mai ƙaya. Nan wata wayar. Nan hasumiya da mai bindiga a kai.

"Hanyar jakai fa?"

"Babu, Baba."

"Ta masu kiwo?"

"Babu."

"To maƙwabtanku da kuke auratayya?"

"Su ma a bayan waya suke."

Gado ya daɗe yana kallon zanen nan. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin garin da ba shi da ɓarauniyar hanya ba. Ya ji kunya, ya ji haushi, ya rasa wanda zai zaga. Suka juyo Jega.

A ƙofar gida Ziyadu ya miƙa hannu zai taɓa igiya. Gado ya daka masa tsawa: "Kul! Ba ka isa ba tukuna. Ranar da anka buɗe, mota kawai za mu tayar."

Haka akwatin nan ya zauna. Gado ya lulluɓe shi da tamfal, ya bi Maiyama da shi, ya bi Aliero, buhunan albasa na kewaye da shi. Masu kaya suna mita ya cinye musu wuri, ya ce wanda bai so ya sauka. 'Yan tasha suka laƙa wa motar suna Mai Ƙusumbi. Duk la'asar zai manna rediyo a kunne, shi da da bai damu da labarin duniya ba. In aka ce za a buɗe, ya wanke mota. Kwana biyu a ce an fasa. Sun sake komawa Kano, aka sake juyo da su. Gado ya sa liman addu'a, ya je gun Maigari, ya je gun wani ɗan ƙanensa mai aiki a sakatariya. Kowa ya ce Allah ya kyauta, don abin ya fi ƙarfin kowa.

Damina ta wuce, aka cire albasa. Sai waya ta zo: tsohuwa ta cika.

A zauren Gado aka yi zaman makoki. Mahauta, direbobi, manoman Jiga Makera, duk suka zo yi wa Ziyadu gaisuwar matar da ba su taɓa gani ba. Gado na gefe, ana yi masa ta'aziyya kamar ƙanwarsa ce.

Bayan an watse, Ziyadu ya ce a hankali, "Baba, sauke shi."

Gado ya hau saman mota. Ruwa da rana sun cinye ƙullin, ya ƙi kwantuwa. Ya sa farce, ya sa haƙori, a banza. Sai da Usmanu mahauci ya miƙo masa wuƙa. Shi da bai taɓa yanka igiyar kaya ba, ya yanka, hawaye na bin gemunsa.

Zumar ta daskare. Ziyadu ya ɗauki mayafin ya kai wa Hindu, ya ce, "Inna, ki yafa." Ta karɓa da hannu biyu.

Gado ya ci gaba da tuƙi har ƙarfinsa ya ƙare. In sababbin direbobi suka tambaye shi ko gaskiya ne bai taɓa barin fasinja a hanya ba, sai ya kau da kai.

"Ƙarya ne. Akwai guda. Ga shi can shina gyaran inji."