Ƙullin Igiyar Baba

Ran Juma'ar da ta wuce 'yata ta shigo mini da ruwa a 'yar kwalbar roba, kamar yadda take yi duk mako. Ina buɗe murfin na ji ƙanshin rijiyar nan, ƙanshin dutse mai sanyi da jiƙaƙƙen ganye, sai hawaye. Kada ka ga laifina, kai mai karatu. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma duk abin da ya fito daga lambun nan fuskarsa nake gani a ciki.

Ni ban yi karatu ba, ko a allo ban yi nisa ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa, wata baiwar Allah mutuniyar Katsina. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

A lambun aka haife ni. Na wasu tsofaffin attajiran Jidda ne, a bayan Balad, wato tsohon gari, kuma su bustan suke ce masa. A lokacin babu komai kewaye da shi sai yashi, yau kuwa benaye sun sa shi tsakiya. Kakana ya zo aikin hajji a ƙafa ta Sudan, bai koma ba, ya kama aiki a wurin. Da ya tsufa Baba ya gaje shi. Ɗakinmu na can ƙuryar katanga, gindin wata magarya da kakan ya shuka. Akwai dabino, akwai lemun tsami da lalle da raihan. Amma abin da masu gida suka fi ji da shi shi ne ful, farin furen nan da ake shirya wa amare a ka. In rana ta yi sanyi ya buɗe, har masu wucewa a bayan katanga sukan rage tafiya.

Duk wannan rijiya ɗaya ke ɗauke da shi. Garin nan a bakin teku yake, rijiyoyinsa zartsi ne, tamu ce kaɗai mai daɗi a wannan yanki, ita ma da sharaɗi. Baba yakan ce ruwan daɗin a sama yake kwance kamar mai a kan miya, na gishiri kuwa yana ƙasa yana jira. In ka ɗiba kaɗan ka bar ta ta huta, sai ta sake kawowa. In ka matsa mata, teku ya hau.

Shi ya sa igiyar gugansa ke da ƙulli guda, babba, ya yi baƙi saboda hannu. In ka zura guga har ƙullin ya taɓa bakin rijiya, gugan bai taɓa ruwa ba, to ɗiban ranar ya ƙare, ko da ganye na faɗuwa a gabanka. Kuma kullum da safe, kafin ya ba kowace shuka, sai ya ɗebi gugan farko a moɗa, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Mu dai mu yi shiru mu jira. In ya haɗiye, a hau aiki. In ya tofar, ranar rijiya ta huta.

Shekarata kamar goma aka yi wata bazara da ban manta ba. Iska ta tsaya cak, gumi na bin jiki kamar an shafa maka zuma. A tsakiyar wannan zafi masassara ta kwantar da Baba, ga bikin 'yar gidan saura makonni. Inna na jinya, ni aka bar wa guga. Na ɗiba har ƙulli na tsaya, yadda aka ce. Sai na ga ful ya sunkuyar da kai, ganyensa ya yi laushi kamar tsumma. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, ai ga igiya nan da saura. Na wuce ƙullin da kamu ɗaya. Washegari da kamu biyu. Kwana biyar ina yi, ina jin kaina gwana.

A rana ta shida ƙasar fangalin ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Bakin ganye ya ƙone. Baba ya fito yana dafa bango, ya kurɓi ruwan, ya tofar. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Zama ya yi a bakin rijiyar ya dafe kai. Inna ta shiga ɗaki ta soma ƙulle 'yan kayanmu a zane, don ta san ba mu da wani wurin zuwa a duk faɗin Jidda in aka ce mu tashi.

Jeri guda na ful ya mutu. Uwargidan, wadda muke kira Sitti, ta zo da kanta, ta bi fangalin da sanda tana tona farar ƙasar. 

“Wa ya yi wannan?” in ji ta.

Baba ya ce, “Lambun a hannuna yake, Sitti. Laifina ne.”

“Kai da ba ka iya ɗaga moɗa? Kada ka yi mini ƙarya da furfurarka.”

Sai na fito daga bayan Inna na ce ni ce, ƙishirwa na ga suna ji. Sitti ta dube ni. Can ta ce, “Ya binti, 'yata, kin kashe su da alheri.” Ta juya ga Baba. “Tunda hannunta ya riga hankalinta, koya wa bakinta. Halas, magana ta ƙare.”

Aka yi bikin da furen da aka sayo a kasuwa, amarya ta sha kuka. Rijiya kuwa sai da aka yi ruwan sama a lokacin sanyi ta dawo hayyacinta. Duk watannin nan a jaki ake sayo ruwa, Baba na rabawa da gwangwani kamar magani.

Tun daga nan moɗar safe ta zama ta mutum biyu. Baba ya kurɓa ya miƙo mini, ba ya faɗin komai sai na faɗa. Ya koya mini cewa gishirin ba a bakin harshe yake fara nuna kansa ba. Can gefe yake taɓawa, kusa da turame, kamar ɗan nauyi, kamar ruwan ya ƙi wucewa. Kafin ya kai inda kowa zai ji, an makara.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, aiki ya kawo shi lambun, Baba ya yaba da hankalinsa ya ba shi ni. Da Baba ya rasu muka tsinko ganyen magaryar nan aka yi masa wanka da shi, lambu ya koma hannun maigidana. Mutum ne mai albarkar hannu, ko busasshen reshe ya soka sai ya tsiro. Amma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba yana raye: ba shi da harshen ruwa. Ko ka narka masa gishiri a ciki cewa zai yi garɗi. Shekara arba'in da wani abu shi ke jan guga, ni ke kurɓa a bayan lalle inda ba a gani. Yakan yi mini tsiya ya ce, “To, gwaggon rijiya, yau me ɗiyarki ta ce?” Masu gida suna ta yabon saninsa, ni kuwa daɗi nake ji. Ban san akwai ranar da wannan shirun zai ci ni ba.

Shi ma da ganyen magaryar aka wanke shi. Na gama takaba, 'yata ta ɗauke ni zuwa gidanta a unguwar Khumra. Ban ɗauko komai daga lambun ba sai igiyar.

Ana nan sai ta zo mini da labari. Jikokin gidan za su gyara bustan ya zama wurin da baƙi ke zuwa kallo. Sun ɗauko wani kamfani, an shimfiɗa koriyar ciyawa, an sa mator a rijiya, an zura bututunsa har ƙasa, yana ja safe da yamma. Ba wanda ya tambaye ni, don a saninsu ilimin rijiyar ya bi maigidana kabari. Na ce ta ɗebo mini. Ina kurɓa na ji nauyin nan a gefen harshe. 

Na sa ta kai ni. Muhandis ɗin, wato mai kula da aikin, ya karɓe ni da ladabi, ya sa aka kawo shayi. Na shimfiɗa masa igiya na nuna ƙullin. Ya yi murmushi ya ce, “Ya khala, gwaggo, a ina aka rubuta wannan?” Na ce a nan, na nuna bakina. Ya ce insha Allahu zai duba, irin insha Allahun da ake sallamar tsofaffi da shi.

Muna fita muka ci karo da wata tsohuwa ana tura ta a keke. Ta ƙura wa igiyar ido, ta ƙura mini. Ashe amaryar nan ce, yanzu ita ce babba a zuriyar.

“Ke!” ta ce. “Ba ke ce kika sa na yi aure da furen kasuwa ba?”

Na ce, “Ni ce, Sitti. Kuma abin da na yi da guga a kwana biyar, matorku na yin sa kafin azahar.”

Dariyar da ta fara ta tsaya. Ta ce a kira mata muhandis, yalla, maza-maza. A gabana aka kashe mator, ta ce a riƙa kawo wa ciyawarsu ruwan mota, a bar rijiya ta huta.

To amma hankalina bai kwanta ba. Ban san iya hawan da teku ya yi ba. Ruwan sama sai lokacin sanyi, wata shekarar ma ba ya zuwa. Tsohuwar ta girme ni, in ta kau gobe, wa zai hana jikoki danna mator? Na ga bakin ganyen lemu ya soma ƙonewa. Magarya tana da juriya, amma ita ma rai ne da ita, kuma ina so in tafi da ganyenta yadda Baba da maigidana suka tafi. Shi ya sa nake sa a rubuta, tunda mutanen yanzu takarda suke ji. Daga gindin guga zuwa ƙulli gaba shida ne da kamu ɗaya, a hannun namiji. In an kai nan a tsaya.

Wani abin da ya fi damuna, harshena ya soma mutuwa. Magungunan da nake sha sun sa komai ɗaci-ɗaci. Wannan Juma'ar na kurɓa har sau uku, ban tabbatar da komai ba. Sai na miƙa wa 'yata kwalbar. Ita a asibiti take aiki, ba ta taɓa jan guga ba, Hausar ma ji take yi, ba ta cika yin ta ba. Na ce ta riƙe a baki, ta rufe ido, ni kuma na yi shiru yadda Baba ke yi.

Ta daɗe. Sai ta sa yatsa a gefen kumatunta, kusa da turame.

“Ummi, akwai wani abu a nan. Shwayya, ɗan kaɗan. Kamar ba ya son wucewa.”

Na tashi na ɗauko igiyar daga ƙarƙashin gado, na sa mata ƙullin a tafin hannu, na rufe yatsunta a kai.