Ƙarar Auta a Ƙasan Tsibi

A duk gidansu, Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe sifana ba. Aikinsa rubuta manhajar kwamfuta ne, a wani ofis mai tebur huɗu da fanka ɗaya da ke juyawa idan ta ga dama. Tun yana ƙarami shi ne mai jera takalman gida daga babba zuwa ƙarami, har Inna, mahaifiyarsu, take cewa wannan ko a kabari sai ya gyara wa maƙwabta sahu.

Shekara tara da suka wuce kamfaninsu ya sami aikin tsara wa wata kotu yadda za a riƙa kiran ƙararrakin waɗanda ke tsare, aka ɗora masa. Ya mai da kowace ƙara abu guda a cikin na'ura, mai ɗauke da suna, da ranar kamu, da lamba daga ɗaya zuwa goma mai nuna nauyin laifi. Ya tara su a tsarin da masu sana'ar ke kira tsibi: kowace ƙara tana da biyu a ƙarƙashinta, kuma mai nauyi ba ta zama ƙarƙashin mai sauƙi. Ta ƙoli ita ake kai wa alƙali. Sabuwa in ta shigo, sai ta yi ta ture na samanta har ta tarar da wadda ta fi ta.

Ya so ya sa daɗewa ta riƙa ɗaga lambar. Har ya rubuta wa kansa tuni a gefen aikin cewa zai dawo ya gyara. Amma oga na tsaye a kansa, ranar miƙa aiki ta zo, Auta ƙaninsa ya kai shi a bas ɗin da yake tuƙawa, aka tafa wa Injiniya, kansa ya kumbura. Bai dawo ba. Kwangila ta ƙare, aka karɓe masa izinin shiga manhajar.

Bara waccan aka kama Auta. Faɗa ne a tasha, ya fasa wa wani gilashin mota. Lamba biyu aka ba ƙararsa. Da an yanke masa hukunci, wata uku zai yi ya koma wurin matarsa da 'ya'yansa. Yanzu wata ashirin ke nan, ko beli ma sai an kira ƙarar, kuma kullum gari ya waye sai an kawo masu bakwai da tara sun haye ta kansa.

Injiniya ya yi zarya har takalminsa ya cinye. Magatakardan kotu ya ce na'ura ce ke zaɓa, su ba ruwansu. Kamfani ya ce sai an ba da sabon izini. Injiniya ya rubuta takarda shida yana bayanin gyaran, gyaran da bai fi layi uku ba, ko amsar ɗaya bai gani ba. Inna kuwa tambayarta ɗaya ce, Auta na nawa ne a layi? Ta yaya zai gaya mata cewa ba layi ba ne, Auta ba na goma ba ne, ba na ɗari ba, yana ƙasa ne kawai? Sai ya ce an kusa. Kunya ta hana shi cin abinci a gabanta.

Ranar ziyara a gidan yari ya tarar Auta ya rame, wuya ya yi tsawo. Suka gaisa, Auta ya tambayi lafiyar yara. Sai ya matso kusa da ragar waya da ta raba su ya rage murya.

"Yaya, mu a nan mun gane abin. Mai ƙaramin laifi ba ya fita. Wani a ɗakinmu ya fasa wa gandiroba baki, sati biyu aka kai shi gaban alƙali. Shekara uku aka ba shi, amma ya san ranar fitarsa. Kai ka yi aikin nan. In na yi haka, nawa lambata za ta koma?"

Injiniya ya ce kada ya kuskura. Ya haɗa shi da Allah, ya ce akwai takarda ta bakwai da zai kai ranar Litinin. Auta ya bar shi ya gama, yana kallonsa kawai, kallon wanda ya sha jin wannan magana. Aka buga ƙararrawa, masu ziyara suka fara miƙewa.

"Takwas," in ji Injiniya.

Auta ya gyaɗa kai, ya yi masa godiya, ya ce a gaida Inna.