Hannun da Na Hana Ka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Maris, da hantsi, muna tsaka da ɗura zannuwan otal a injin wanki, shugaban sashenmu ya leƙo ya ce Dokta ya yanke jiki ya faɗi a tashar bas, rai ya yi halinsa. Na ce ƙarya ne. Ran Litinin fa muka rabu a bakin ƙofa, kana yi mini tsiya kan gishirin da na barbaɗa a abinci.

Ni na laƙaba maka Dokta, kuma ba don girmamawa ba. Shekara uku da suka wuce zuciyarka ta buga a gaban injin guga, aka yi maka aiki, muka ce shi ke nan, sai gida. Sai ga ka ka dawo, an mai da kai ninke tawul, da na'urar awon jini a jaka. Ka ce tun da Allah ya ara maka kwana, ba za ka cinye su kai kaɗai ba. Kullum lokacin hutu kana kan bencin ɗakin canza kaya: "Kawo hannu." Direban motar kayanmu kai ka tasa shi gaba har asibiti. Ranar jana'izarka ya fi kowa kuka.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Ka cika naci, kuma bakinka ba ya riƙe magana. Kowa ya san awon kowa. Shi ya sa na hana ka hannuna. Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar mutane, baki bakwai na jirana a gida. In aka ji ba ni da lafiya, wa zai bar ni a bakin aiki?

"Sarkin Gardama," kakan ce, "gawa ma ai ba ta aike gida."

Ni kuma in ce gobe. Ran Litinin ɗin ma gobe na ce.

Inji bai tsaya ko minti ɗaya ba ranar rasuwarka, kafin la'asar wani na ninke tawul a gurbinka. Ban yi mamaki ba. Amma shugaban, in faɗi gaskiya, da kansa ya kwaso kayanka, ya miƙo mini na'urar, idonsa jawur. Na zauna a bencinka na zura hannu. Direba ya duba abin da ya fito, ya ɗauko makullin mota.

Yanzu ƙwaya biyu nake sha kowace safiya. Ba a kore ni ba, har yanzu dai. Jiya na ji bakina yana ce wa mai guga, "Kawo hannu."

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa jinyarka ta zama kaffara. Uwargidanka da 'ya'yanka mata uku, da rabonsu da kai shekara huɗu, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku yafe mana. Kwanakin da aka ara masa, mu muka ci moriyarsu.