Yadda na cinye fasfon wani ɗalibi a teburin karta

Ni ban yi boko ba, kuma ba ni da dogon zance. Ɗan dako ne ni a Kano kafin maigidana ya kai ni Kuala Lumpur. Aikina a can ɗaure kaya a wani titin kasuwa, Jalan Masjid India: hijabai, yadi, takalma, a aika gida. Ina sallah a kan lokaci. Ba wanda ya taɓa ba ni ajiya ya zo ya tarar da giɓi.

Karta na fara a shagon mamak, wato mai shayin can, inda muke shan shayi in an tashi aiki. Wanda aka cinye shi ne zai biya shayin. Daga shayi aka koma kuɗi. Daga nan wani mutumin ƙasarmu da muke kira Oga ya ja ni ɗakinsa a unguwar Cheras, ya koya mini wata karta da ake kira foka, ta mutum biyu, daga kai sai abokin karawarka.

Oga ya ce kada in ɓata lokaci a kan matsoraci. Mai garaje zan nema, wanda ba ya iya ajiye kati ya haƙura. Irinsa ba a yi masa burga, don ba ya jin tsoro. In katinka banza ne ka ajiye, ka bar shi ya kwashe 'yan canjin yana dariya. In katinka ya yi kyau kada ka ƙara ko sisi, ka yi fuskar mai shakka, ka riƙa binsa kawai da daidai abin da ya zuba. Shi da hannunsa zai turo duk abin da ke gabansa. Ran da sa'a ta ba shi kada ka damu, gobe zai dawo da abin da ya ci har da ƙari.

Dabarar ke nan gaba ɗaya. Wasu samari har yanzu suna tare ni wai in koya musu. Raina ɓaci yake in na ji haka. To ga ta nan, sai ku ji inda take kai mutum.

Akwai wani ɗalibi, Nafi'u, yana zaune a unguwar Wangsa Maju. Gwamnati ce ta turo shi digiri na uku, saura kaɗan ya gama. Ina kiransa Dakta, yana jin daɗi. Ban taɓa ganin mai garaje kamarsa ba. Kowane kati aka ba shi sai ya ƙara kuɗi. In na ajiye sai ya ce, "Yaya, tsoro dai! Da wannan zuciyar kake caca?" Ni dai in yi murmushi.

Alawus ɗinsa ya ƙare a hannuna, kwamfutarsa ta bi. Wata ranar Asabar da la'asar ya zo ba shi da komai, ya ce in ba shi bashi. Na ce ba na ba da bashi sai da jingina. Ya zaro fasfonsa ya ɗora a tebur, na ba shi bashin. An ba ni sarki biyu, kati mai ƙarfi. Ban ƙara ko sisi ba, ya yi ta turowa, na yi ta binsa. Na sa fasfon a aljihu.

A ƙasar can ɗalibi sai ya miƙa wa makaranta fasfonsa kafin bizarsa ta ƙare, su sabunta masa. Na san da haka sarai. Ya zo har wurin aikina, ya tsaya a cikin kwalaye, ya ce in ara masa fasfon ya kai makaranta, ya rantse zai dawo mini da shi. Na ce ya biya tukuna, ko kuma mu sake zama ya fanshe abinsa. Ya ranto kuɗi wurin abokansa, muka zauna, na cinye su. Ku dubi wannan rashin imani. Mutum yana roƙona karatunsa, ni ina lissafin katinsa.

Biza ta ƙare. Aka yi samame a gininsu, aka tafi da shi. Da aka tambaye shi takardunsa ya faɗi inda suke. 'Yan sanda suka same ni ina cin abincin rana, fasfonsa da na wasu mutum biyu da na cinye haka a jakata. Oga ya ɓace, har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kotu ta ɗaure ni.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba. Wuri ne da ake kiran mutum da lamba.

Da na gama zamana aka kai ni sansanin da ake tsare baƙi kafin a mayar da su gida. A can na ga Nafi'u. Ya rame, ƙuraje sun cinye masa hannu. Ya daɗe a wurin don ya kasa gaya wa gida su aiko kuɗin jirgi. Makaranta ta riga ta cire sunansa.

Na zaci zai shaƙe ni. Sai ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ka taɓa yi mini maguɗi?"

Na ce ko sau ɗaya.

Ya kau da kai. Sannan ya ce, "Da ma ka yi. Da na sami abin da zan gaya wa Baba."

Na roƙe shi gafara. Ya tashi ya koma wancan gefen ɗakin.

Yanzu ina Kano, na koma dako. Na tuba, ban sake taɓa kati ba. Ku samari, musamman waɗanda aka tura karatu waje: in kun zauna da mutum yana ta ajiye kati, yana barinku kuna ci, yana yabon zuciyarku, ku tashi ku fita, farautarku yake. Ku kuma masu son zama irina, ku sani babu gwaninta a ciki. Zama ne ka jira ɗan'uwanka ya hallaka kansa, kai kana riƙe masa tebur.

Na nemi gidansu Nafi'u, na je har ƙofa. Mahaifinsa ya fito, dattijo mai fara'a, ya tambaye ni ko ni abokin karatunsa ne. Na gaishe shi kawai, na juya na tafi.