Jalon da Ya Je Waza Koyon Fillanci

Duk wanda ya taɓa kai saniya asibitin dabbobi na Azare a shekarun baya ya san Jalo. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar ba a jiransa a ko'ina. Shi ke kama ƙaho, shi ke yin allura, amma sau da yawa sai ka gan shi da sirinji a hannu ya saki baki yana kallon balbelu, har sai mai saniya ya taɓa shi sannan ya dawo duniya. Abin dariyar kuwa, suna na Fulani, hanci na Fulani, amma ko gaisuwa bai iya ba da Fillanci. Makiyaya kan tare shi da harshensu da gangan, ya washe baki ya ce lafiya lau, su yi ta dariya.

Mahaifiyarsa, Inna Zuliha, a wata ruga bayan garin Katagum aka haife ta. Aure ya kawo ta Azare, ta ajiye Fillanci ta ɗauki Hausa. Jalo ne ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari irin tata ta wuce misali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta zuba masa tuwo sai ta ajiye, ta juya ta ce da bango mai jin yunwa ga abinci nan. Bai riƙe ta da komai ba, haka ya tashi ya ga ana yi. Amma ni da na san shi zan gaya muku, abin yana damunsa, har ya yi furfura a gemu yana damunsa.

Da daminar shekarar 2004 Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Da aka dawo da ita daga asibiti sai aka tarar Hausar ta gudu kaf, Fillancin ƙuruciya kawai ya rage a bakinta. Sannan wani abin mamaki ya biyo baya. Kullum da la'asar in Jalo ya dawo aiki ya zauna gefen gadonta, sai ta kama wuyan hannunsa da hannunta mai lafiya, ta yi ta yi masa magana a hankali, doguwa, wani lokaci da murmushi, wani lokaci da hawaye. Matar da ta shekara arba'in tana magana da bango! Shi kuma ko kalma ɗaya ba ya ji.

Ya kira Mariyamu maƙwabciyarsu mai jin Fillanci ta zo ta fassara. Inna ta tambaye ta yara, ta juya fuska, ta yi gum. Haka take yi da zarar wani ya ɗaga labule. Matarsa Jannatu ta ce ya ɓoye rikoda ƙarƙashin gado ya kai wa wani kaset ɗin. Ya ce a'a, maganar da ta ƙi yi a gaban mutane ba shi zai kai wa mutane ita ba. Ya gwada koyo a kasuwar shanu, amma ina. Da ya buɗe baki sai dariya, in an gama dariyar kuma a tausaya masa a koma Hausa.

Kashim ne ya kawo maganar Waza. Direba ne, iyayensa mutanen Borno, yana ɗaukar kaya zuwa Banki a kan iyakar Kamaru. Ya ce can gaba, a Waza cikin Kamaru, akwai gandun namun daji, kuma wata ƙungiya tana neman 'yan sa-kai masu sanin ciwon shanu. Babu albashi, sai ci da wurin kwana. Ya ƙara da cewa a rugagen wajen in ka yi Hausa kallonka kawai za a yi. Wannan ta ƙarshen ita ta shiga kunnen Jalo.

Jannatu ta yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarta. Ta ce wane irin ɗa ne zai bar uwa a kwance ya tafi gadin zaki, in ya dawo ya tarar da ƙasa ta rufe ido fa? Jalo ya ce ya sani, tsoron da ke hana shi barci ke nan. Amma in ya zauna, haka za ta tafi da maganarta ya bi ta da ido. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, kaka na wucewa ya hau motar Kashim.

Waza ta yi masa kama da wurin da ya taɓa gani a mafarki. Ƙasa shimfiɗe har ƙarshen gani, baƙa, ta tsattsage, ga itatuwan ƙaya jefi-jefi. Da hantsi in zafi ya fara rawa a kan fili, sai ka ga kawunan raƙuman dawa suna tafe a saman itatuwa, ƙafafunsu sun ɓace, kamar masu tsallaka kogi. Ran da ya fara ganinsu tsayawa ya yi yana salati, har masu gadin dajin suka yi nisa suka dawo nemansa.

Aikin ba mai wuya ba ne a wurinsa. Zaki kan fito daga gandu ya kashe saniya, makiyaya su fusata su zuba guba a mushen, zakin ya mutu, kuraye da ungulaye su bi shi. To su Jalo sai su bi rugage, su taya kafa shingen ƙaya mai kauri, shi ya duba shanu ya yi allura, a roƙi arziki a bar gubar. Wasu ranaku kuma su wuni a bakin tafki suna lura da abin da ya zo shan ruwa. Faransancin masu gadi ya ɗan tsinci abin da ya tsinta, amma ba shi ya kawo shi ba.

Malaminsa wani tsohon makiyayi ne, Jumare, wanda bai san ko "zo" da Hausa ba, kuma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Da sanda yake koyarwa. Ya nuna sawu ya faɗi suna, ya nuna gajimare ya faɗi suna, in Jalo ya karkace baki ya zungure shi. Da haka kalmomi suka riƙa taruwa, na daji tukuna, sannan na gida, sannan na zuci. Wata rana ya farka daga ƙailula a gindin itace ya tuna cewa a mafarkin da ya yi, ba da Hausa ya yi ciniki ba.

Jumare ne kuma ya koya masa zama da raƙuman dawa. In ka zuba musu ido sai su ja da baya. Sai dai ka zauna a karkace, ka dubi ƙasa, ka yi kamar harkar gabanka kake yi. Jalo ya gwada, ya daɗe bai motsa ba, har wata uwa da ɗanta suka matso ya ji hucin numfashinsu da ƙarar tsinkar ganye a bisa kansa.

Da Fillancinsa ya nuna, ya ba Jumare labarin Inna duka. Tsohon ya amsa yana tona ƙasa da sanda.

"Ɗana, ba ciwo ne ya cire mata kunya ba. Tana yi maka magana ne don ta san ba ka ji. Ran da ta gane kana ji, a ranar za ta yi shiru."

Jalo ya juya maganar a ransa. Wato duk wannan tafiya, duk zungurin sanda, don ya koma ya yi bebe ne.

Ya dawo Azare tare da shamuwa, ana jiran ruwan farko. Alhamdu lillahi, ya tarar da Inna da rai, sai dai ta ƙara ramewa. Ya roƙi Jannatu da yara kada wanda ya gaya wa Inna cewa ya iya Fillanci. Da la'asar ya shiga ya zauna a karkace, ya dubi ƙasa.

Ta kama wuyan hannunsa ta fara. Ashe ba wasiyya ba ce, ba wani asiri ba ne. Labarinsa take ba shi. Yadda takan leƙa ta kafar zana ta bi shi da ido in zai tafi makaranta har ya sha kwana. Yadda ran da ƙyanda ta kama shi aka kai shi ɗakin goggonsa, ita kuma ta yi ta daka a bayan ɗakin ba don tana da abin dakawa ba, don dai ta ji tarinsa. Tana yi tana kiran sunansa, Jalo, Jalo, a kan kowace gaɓa, kamar mai biyan abin da ya wuce ta. Shi dai ya cije leɓe, bai ɗaga kai ba.

Sun yi kwanaki a haka. Rannan tana cikin magana muryarta ta dushe, ta ce a cikin zancen, ba tare da ta dube shi ba, da ma a ce akwai mai ba ta ruwa a ƙaramar ƙwaryar nan da ke bayan ƙofa. Kafin ya yi tunani jikinsa ya riga shi. Ya miƙe, ya wuce kofin da ke gabansa, ya ɗauko ƙwaryar ya ɗebo ruwa a ciki.

Sai da ya durƙusa da ita ya gane abin da ya yi.

Inna ta dubi ƙwaryar, ta dube shi. Ba ta sake kama hannunsa ba. Ta sha ruwan a hankali, ta jawo mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta juya wajen bango. Jalo ya ce a ransa shi ke nan, ya kashe abinsa da hannunsa, ya fara tattara ƙafa zai fita.

Sai ya ji muryarta daga cikin mayafin, ƙasa-ƙasa, tana magana da bango kamar dā.

"Wanda ke jin magana ya zauna," in ji ta. "Ban gama ba."