Ranar da Na Kai Baffa Suwais a A-kori-kura

Mun tashi daga unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ana kiran assalatu, ranar Alhamis ɗin makon jiya. Mu uku ne a gaban mota: ni a sitiyari, Baffana a tsakiya, sai wani ɗalibi mutumin Tawa, maƙwabcina, wanda ya ɗauki nauyin riƙe hannun Baffa har Makka. Suwais muka nufa, inda jirgin ruwan maniyyata zai tashi zuwa Jidda bayan la'asar.

Baffa yayan mahaifina ne. Wata uku ke nan da ya zo Alƙahira daga Damagaram neman maganin ido. Na dama ya daɗe da tafiya. Da likita ya gama duba na hagu, sai ya juyo ya gaya mini da Larabci cewa da wuya idon ya kai baɗi. Baffa ba ya jin Larabcin Masar, amma ya ji shirun da na yi. Muna fitowa ya ce, "To, a kai ni in ga Ɗakin Allah da ragowar." Da ƙyar da jiɓin goshi muka samu wuri a wannan jirgi, kuma babu wani a bayansa da ke da gurbi. In ya kuɓuce, sai dai baɗi, baɗin da likita ya riga ya yi magana a kai.

Bari in gaya muku motar da na ɗauko wannan amana a cikinta. A-kori-kura ce ƙirar Amurka, ƙatuwa, mai faɗin da mutum uku za su zauna a gaba ba wanda ya taɓa wani. Shekara ɗaya da rabi ina kwasar wa 'yan kasuwarmu kaya da ita daga kasuwar Ataba zuwa filin jirgi. Duk Alƙahira ban taɓa cin karo da irinta ba. Kowa ƙananan motocin nan na Faransa da na Japan yake hawa, waɗanda ko a bakin titi ka tsaya za ka samu kayan gyaransu. Shi ya sa 'yan Ataba suka raɗa mata suna Marainiya, wai ba ta da dangi a ƙasar. Makanikena, wani Bamisire mai yawan huci, ranar da ya fara buɗe ta sai da ya yi mini ta'aziyya. Ya ce inji ne na gaske, amma ranar da ko fambel ya tsinke, in nemi tabarma in zauna jiran jirgin Amurka.

Rashin masoya ne ya sa na same ta da araha. Mai ita wani bawan Allah ne da ke aiki a wani ofishin jakadanci, da ita ya shigo ƙasar. Mun yi ciniki bayan sallar Juma'a, gaban dillali da shaidu uku, ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. Har sau biyu ya ce in zo mu je a juya takardu. Ni kuwa kullum da kaya a gabana, na ce ai ciniki ya faɗa, shaidu sun ji, a garinmu ko raƙumi haka ake saye. Kafin in ankara an yi masa canjin ƙasa. Lambarta launinta daban ne da na sauran motoci, 'yan sandan hanya in sun gani sai su ɗaga mini hannu in wuce. Na ɗauki hakan a matsayin farin jini. Don haka da muka fito da asubar nan, takarda ba ta cikin abin da ke cin raina. Fambel ne, da lagireto, da duk wani ƙarfen da ba shi da ɗan'uwa a Masar.

Mutane da yawa sun ce in sa su a jirgin ƙasa ko a tasi. Na ƙi. Na ce Baffa ba zai iya turmutsutsun tasha ba, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: na gaji da dariyar 'yan Ataba.

Muna barin gidajen ƙarshe na birni sai hamada ta buɗe baki. Hanyar Suwais siririya ce, mota ɗaya na tafiya ɗaya na zuwa, ga manyan motocin kaya da ba su san Allah ya yi burki ba. Ba itace, ba rijiya, ba ko akuya. Jefi-jefi sai ka hango gawar motar soja da ta ƙone tun lokacin yaƙi, yashi ya cinye rabinta. Ɗalibin yana ta ba Baffa labarin abin da muke wucewa, Baffa yana gyaɗa kai. Ni ban ga rabinsu ba. Idona ɗaya na kan hanya, ɗaya na kan allurar zafi, kunnuwana duka biyu suna cikin inji.

Ba mu yi nisa ba na fara jin wani ƙwal-ƙwal daga baya. Na rage gudu, ƙarar ta ragu. Na taka, ta dawo. Na gangara gefe, na kwanta ƙarƙashin mota da farar rigata, na taɓa salansa, na girgiza duk abin da hannuna ya kai. Ina can ina karanto duk addu'ar da na sani, sai ɗalibin ya leƙo ya ce butar ƙarfen Baffa ce ta kwance daga jikin buhu take yawo a bodi. Baffa ya yi dariya har da tari. Ni ban samu dariyar ba sai bayan kwana biyu.

Hantsi ya ɗaga muka tsaya a wata rumfar shayi da ke tsakiyar hanya, inda direbobi ke karyawa. Ful ne, wato dafaffen waken nan nasu, da gurasa da ta'amiyya, wato ƙosansu, duk a 'yan girshi kaɗan, sai baƙin shayi mai sukari kamar za a yi alewa. Baffa ya ci loma biyu ya ture. Ya ce wata uku yana lura, mutanen nan ko dai sun yi wa wake alkawari ne ko wake ya yi musu asiri. Ya kwance ƙullin gumbarsa ya dama abinsa. Direbobi suka kewaye Marainiya, wani na ƙwanƙwasa ƙofa, wani na leƙa ƙasa. Tambaya biyu kowa ke yi: nawa take sha, kuma ina nake samun kayanta. Ta farko na amsa da gaskiya, domin shan mai kam tana yi kamar ba gobe, sa'a ɗaya man Masar ba tsada. Ta biyu na yi kamar ban ji ba.

Gaba kaɗan muka tarar da wata tasi ta mutu, bakinta a buɗe yana tururi, fasinjoji sun yi cirko-cirko a rana da jakunkunansu. Daga gani su ma jirgi za su. Direban ya tare mu yana roƙon ruwa. Jarka biyu na ɗauko saboda lagiretona, kuma ba zan ɓoye ba, na so in wuce. Baffa ya ce, "Ba shi ɗaya." Na ba shi, raina bai so ba. Daga nan har Suwais ina lissafin abin da zai faru in tawa allurar ta hau. Ba ta hau ba. Tana nan tsakiya inda take tun Ainu Shams, kamar an buga mata ƙusa.

A shingen sojoji ma ba a tsayar da mu ba sosai. Sojan ya dubi lamba, ya dubi farin gemun Baffa, ya ce, "Yalla ya hajji, ku sa mu a addu'a."

Suwais gari ne da bai gama warkewa ba. Gida ɗaya sabon fenti, na kusa da shi bango duk hujin harsashi, na gaba babu rufi. Iska na kawo warin gishiri da kifi da baƙin mai. Mun isa bakin tashar jiragen ruwa tun kafin azahar, da sauran lokaci mai yawa. Na shafa sitiyari na yi hamdala. A nan ne ya kamata in yi abin da kowa ke yi: in tsaya a waje, in kira 'yan dako su kwashi kaya, in riƙe hannun Baffa mu shiga da ƙafa. Amma na hango layin maniyyata a ciki, har na gane wasu 'yan Ataba biyu. Sai na ce ai Baffa ba ya gani sosai, bari in kai shi har gindin jirgi. Na saka kan mota a ƙofar kwastan.

Jami'in da ke ƙofar dattijo ne mai tabarau. Shi bai ɗaga hannu ba. Ya zagaya ya tsaya a kan lambar, ya daɗe, sannan ya ce in kawo takardu. Na miƙa masa abin da ke cikin aljihun mota. Ya karanta, ya dube ni.

"Kai ne mai wannan suna?"

Na ce a'a, saya na yi.

"Ina takardar sayen?"

Na ce akwai shaidu uku, duk suna Alƙahira, mutanen kirki.

Ya cire tabarau ya goge. Cikin natsuwa ya bayyana mini abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Wannan lamba ta motar da aka shigo da ita ba haraji ce, don amfanin mutum ɗaya, na wani lokaci. Lokacin ya wuce tuntuni. Ba a sayar da irinta sai ta bi ta hannunsu. A dokarsu motar nan ba tawa ba ce, ba ma ta wanda ya sayar mini ba ce yanzu. Ya karɓi fasfo ɗinmu duka uku, ya ce mota da kayan cikinta da mutanen cikinta su tsaya sai shugabansu ya zo an rubuta rahoto. Shugaban ya tafi Alƙahira. Gobe Juma'a. Sai Asabar.

Muka zauna a kan dakali. Aka kira azahar, muka yi a gefen ofis. Baffa ya tambaye ni me ake jira, na ce ɗan cike-ciken takardu ne. Ya ce 'yan duwan, wato kwastan, ko ina halinsu ɗaya, ya ci gaba da jan carbi. Ɗalibin ya shiga ofis ya zuba Larabcin makaranta, aya da hadisi. Jami'in ya saurara har ƙarshe, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya aika aka kawo mana shayi. Ba mugu ba ne, kuma na so a ce mugu ne, da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Layin maniyyata ya yi ta raguwa. Na ga mutanen tasin nan da muka ba ruwa sun iso, sun wuce mu, sun hau. Jirgi ya yi kuka na farko. Baffa ya ɗaga kai ya ce, "Namu ne wannan?" Na ce akwai saura. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na wannan sa'a ba. Na ɗauko tsoho daga hannun likita da ragowar ido ɗaya, na zo na ajiye shi a kan dakali saboda ina so a ga motata.

Na koma ofis ni kaɗai. Na ce wa jami'in ya dubi idon tsohon can, na gaya masa abin da likita ya ce. Ya leƙa ta taga. Can ya ce akwai hanya ɗaya. In zan yi jayayya a kan motar, dole kowa ya jira Asabar, domin Baffa da ɗalibin shaidu ne. In kuwa zan sa hannu cewa an same ta a hannuna, kuma ba ni da wani haƙƙi a kanta, na bar wa hukuma, to babu shari'a, babu buƙatar shaidu. Ya ce in yi tunani, don irin wannan sa hannu ba a janye shi.

Na yi tunanin, tsawon abin da bai fi shan ruwa ba. Da motar nake ci, da ita nake biyan haya. Ya rubuta, na karanta. Sunana cikakke a sama, lambar Marainiya a ƙasa. Shekara ɗaya da rabi ina tuƙa ta, wannan ce takarda ta farko da ta haɗa sunana da nata. Na sa hannu. Ya ce khalas, shi ke nan, ya miƙo fasfo.

'Yan dako suka kwashi kaya a guje, ni da ɗalibin muka sa Baffa a tsakiya, kusan ɗaukarsa muka yi. A gindin matakala ya tsaya, ya lalubo kaina ya dafa, ya yi mini addu'a mai tsawo ana ta yi mana tsawa mu yi sauri. Sannan ya ce, "Ɗana, motar nan taka mai albarka ce, ko tari ba ta yi ba. Kada ka biye wa masu cewa ka sayar. Ka riƙe ta da kyau."

A daidai lokacin wani ma'aikaci yana jan ta zuwa bayan shinge, taku kaɗan daga inda muke. Baffa ya juya wajen ƙarar injin, bai ga komai ba. Na ce, "To, Baffa."

Na tsaya har jirgin ya zama ɗigo a kan ruwa. Na dawo a jirgin ƙasa, a tsaye, tsakanin wani soja mai barci da kejin tattabaru, na iso Ainu Shams ana sallar isha.

Ga abin da na tsinta, ga wanda zai ɗauka. Motar da ba ta da masoya ba lallai ne tana da aibu ba. Tawa ta yi shekara ɗaya da rabi ba ta taɓa kwana a hanya ba, abin da nake tsoro bai taɓa faruwa ba. Fatiha da shaidu suna ɗaure ciniki tsakaninka da Allah da mutanen garinku, amma in kana ƙasar wasu, ka je a juya takardar ranar da aka ce ka je. 'Yan Ataba sun daina kiran sunan Marainiya a gabana, wannan ya fi dariyarsu ciwo. Yanzu a kan amalanken haya nake kai kaya. Na roƙi ɗalibin kada ya gaya wa Baffa komai sai sun sauko daga Arfa.